Neman shawara: idodin Isra'ilawa uku ne ko bakwai?

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa. An ɗora mini darasin matasa na Lahadin nan kan idodin Isra'ilawa. Malamin ajin ya yi tafiya da littafin jagora, yaran kuma akwai tambaya, fasto ma zai leƙo. Na riga na zana jadawali: Idin Ƙetarewa 14 ga Afrilu, Idin Bukkoki 15 ga Oktoba. Amma na ƙirga idodi bakwai a Littafin Firistoci sura 23, Maimaitawar Shari'a 16:16 kuwa uku ta ce. Kaina ya ɗaure.

Dattijo: Ɗana, fara goge Afrilu da Oktoba. Da tsayuwar wata suke lissafi, shi ya sa ranakun ke motsi kowace shekara. Wata na 1, ran 10 a ware ɗan rago bana ɗaya marar lahani, ran 14 da yamma a yanka, a gasa, ba a dafawa da ruwa, ba a karya ƙashinsa, don tunawa da daren fita daga Masar, wannan shi ne Idin Ƙetarewa. Ran 15 zuwa 21 abinci marar yisti. Wata na 7 kuma, ran 1 busa ƙaho, ran 10 Ranar Kafara, ran 15 Bukkoki na kwana 7. Ukun da Maimaitawar Shari'a ta ambata su ne waɗanda dole kowane namiji ya hallara: Marar Yisti, Makonni, Bukkoki.

Malama: Baba, kun tsallake gona. Damin sha'ir na nunan fari ake kaɗawa, a ƙirga kwana 50, sai Idin Makonni da dunƙulen burodin alkama 2, su kam da yisti. Da girbi ya kamata ya fara. Abin da ke ɓata mini rai, an mai da ajin yara wurin wasan kwaikwayo, Tsohon Alkawari ba mai buɗewa.

Ɗalibin tauhidi: Tarkon yana wajen ƙirgar. Nassi ya ce a fara ƙirga daga kashegarin Asabar. Ƙungiyoyin Yahudawa biyu sun yi saɓani a kai: Farisiyawa sun ɗauka 16 ga wata na 1 ne, Sadukiyawa suka ce Lahadi.

Dattijo: Ran 16 ne. Kada a rikita yara.

Ɗalibin tauhidi: Baba, ku duba Firistoci 23 aya ta 16, ranar 50 ma kashegarin Asabar ta bakwai ce.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma matasa Afrilu suka sani, jadawalin kuma na riga na buga. Zan ƙara "wajen" a gaban watannin. To Furim fa, idin nan na Littafin Esta, a ina zan sa shi?