Neman kalma: me za mu kira "tapis tribal" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe da yamma zan gabatar da shiri a nan Maraɗi kan yadda saƙar makiyayan Iran da Afganistan ta sauya, kuma takardar Faransancin da nake fassarawa sai maimaita "tapis tribal" take yi. Ana nufin shimfiɗar ulu wadda matan ƙabilar Kashƙai na yankin Shiraz a Iran da matan ƙabilar Turkmen suke saƙawa a masaƙar da ake kafawa a ƙasa, a naɗe ta ranar tashi. Na rubuta "tapin ƙabila", amma kunnena ya ƙi shi.

Malamin makaranta: Kunnenki ya yi gaskiya, Malama, domin mai sauraro zai zaci maganar ƙabilanci ce. Ni a ganina "dardumar makiyaya" ta wadatar.

Tsohon ɗan kasuwa: Darduma a bakin mutanenmu ta salla ce. Iyayenmu kilishi suke kiran babbar shimfiɗar fada, jam'inta kilisai.

Mai shirin rediyo: Alhaji, idan na ce matan Iran suna saƙa kilishi, rabin gari zai ɗauka nama nake nufi.

Mai nazarin harshe: Na daɗe ina ba da shawarar "saƙar ƙaura", domin ƙaura ce ta haifi abin, ita ta sa masaƙar ta zama ƙarama, shimfiɗar ta zama siririya. "Tapi" kuwa aro ne, bai kamata a ji shi a gidan rediyo ba.

Malamin makaranta: Malam, ai ƙaurar ce ta ragu. Reza Shah, sarkin Iran na wancan lokacin, ya tilasta wa makiyayan ƙasar zama wuri ɗaya a shekarun 1930, kuma da yawa daga masu saƙar yau a ƙauyuka suke, suna yin girma da launin da ɗan kasuwa ya nema. Rinin kanti da aka ƙirƙiro a Ingila a 1856 ya ture na saiwa da ganye a wurare da dama, sannan bayan shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan a 1979, masaƙa suka fara zana tankokin yaƙi da bindigogi inda da ake zana furanni. Wace ƙaura ce a nan?

Mai nazarin harshe: To, wane kiwo ne a nan? Hujjarka ta kayar da kalmarka tare da tawa.

Wani daga Kano: Mu dai kafet muke cewa, kowa ya gane.

Mai nazarin harshe: Kun aro daga Ingilishi, mun aro daga Faransanci, kada wanda ya yi wa wani gori. Hausar Katsina da Gobir ba ta jiran izini daga Kano.

Mai shirin rediyo: Ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure mini. Zan ce "dardumar makiyaya", in bayyana tun farko cewa ba ta salla kaɗai ba ce, kuma sunan na asalin sana'ar ne.

Mai nazarin harshe: Na amince saboda gobe kawai, Malama. Idan za a maimaita shirin, a gwada tawa a ji.