Jakar leda, rigar ƙyalle, takalmin taya: me masu saye ke dubawa a Bauchi?

Mai shagon jakunkuna, Wunti: Assalamu alaikum. Masu sarrafa tsofaffin kaya, mu haɗa abin da muka lura da shi wajen masu saye. Mace za ta ɗauki jakar da aka saƙa da ledar fiya wata, ta yaba saƙar, amma da ta ji an ambaci bola sai ta ajiye. Tun kafin kuɗi, tambayarta ita ce, "An wanke kuwa? Babu najasa?" Har shinshina cikin jakar take yi.

Mai saƙa, Yelwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai tana da hujja. Warin nan a kusurwoyin leda yake ɓuya. Dole a tsaga kowace ta buɗe sosai, a wanke da omo, a ɗauraye sau biyu, a shanya a inuwa. Rana kan sa ta yi tauri, ta riƙa tsinkewa a bakin kwarashi. In aka naɗe ta da sauran danshi kuwa, fumfuna za ta yi. Don Allah a daina tsinto ta a kwata. A sa masu gidan abinci ko gidan biki su tara. Kowane ƙunshin fiya wata leda 20 ne, nan da nan buhu ke cika. Mai saye in ta ji daga inda aka samo, hankalinta na kwanciya.

Tela, kasuwar Muda Lawal: Ƙyallen atamfa ba ya shan wannan zargin, tunda sabo ne, ragowar yanka. Matsalarsa wankin farko. Aka haɗa mai auduga da mai roba a riga ɗaya, audugar ta tsuke, ɗinkin ya tattare, ja kuma ya zuba a kan fari. A jiƙa ƙyallayen daban-daban tukuna, a goge, sannan a yanka, a sa shafi ya rufe haɗin. 'Yan mata na so ƙwarai a jaka da rigar yara. Ta fita biki dai har yanzu sun fi son turmi guda, kada a ce musu faci.

Mai shagon jakunkuna: Sai kuma ciniki, Malam. Gani suke tunda kayan kyauta ne dole ya yi arha, alhali wanki da yanka sun fi saƙar cin lokaci.

Mai takalmin taya: Mu namu manoma ne da makiyaya, ba ruwansu da asali. Lanƙwasa takalmin suke yi, su ja maɗaurin. Abin kiyayewa waya ce: tayar mota ta zamani akwai wayar ƙarfe a fuskar da ke taka ƙasa, tana tsatsa ta soki ƙafa. A yanko daga gefen taya, a lanƙwashe bakin ƙusa ciki. Samarin gari kunyarsa suke ji, sai an ɗora masa fata a sama suke tayawa.