Fitilar goshi ko tocila, kuma wane irin haske ya kamata in nema don tafiyar daji?

SabonMatafiyi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar fitilu ku taimaka min. Kwanan nan na fara bin abokai tafiyar ƙasa a daji da hawan dutse, mu kwana a tanti washegari mu sauko, to fitarmu ta ƙarshe na sha wuya ba kaɗan ba. Tocilar da na tafi da ita a jikin kwalinta an rubuta lumen 1000, ni a tunanina shikenan na gama da maganar haske. In ka haska ta a sarari bishiyar da ke can nesa kana ganinta tar, amma gaban ƙafata duhu, wata 'yar da'ira ce kawai kamar faifai fara fat, gefenta kuma baƙi ƙirin. Sau biyu ina tuntuɓe da saiwa, a na uku sai ga ni zaune daɓas kan dutse. Cikin tanti ma abin ya fi muni, ina neman safa a jaka hasken ya daki bangon tanti ya dawo min ido, na jima ina ganin wasu ɗige-ɗige.

Wani abokina kuwa 'yar ƙaramar fitilar goshi gare shi da ba ta kai rabin ƙarfin tawa ba amma shi lafiya lau yake tafiyarsa. To yanzu me zan nema? Mai faɗin haske ko mai nisa? Na kuma ga masu zum da ake ja gaba a ja baya, ba su ne suka haɗa duka biyun ba? Sannan jan hasken nan da ake sawa a wasu, meye amfaninsa, ko ado ne kawai?

Malam_Wayarin:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa tocilarka ba ta da laifi, aikin da ba nata ba ka sa ta. Lumen jimillar hasken da ke fita daga fitila ne gaba ɗaya, bai gaya maka ina hasken ya nufa ba. Ka ɗauki tiyon ruwa, ruwan da ke zuwa ɗaya ne, in ka toshe bakin da babban yatsa ya yi tsiri ya tafi nesa amma wuri ɗaya yake jiƙawa, in ka sa masa kan feshi ya jiƙa wuri mai faɗi a kusa da kai. Yawan ruwan shi ne lumen, ƙarfin tsirin nan a tsakiya kuma shi ake aunawa da kandela, cd za ka ga an rubuta.

Akwai ma'aunin da aka fito da shi a Amurka a 2009, ANSI FL1, kamfanoni irin su Fenix da Nitecore da shi suke rubuta alƙaluman jikin kwali. Nisan haske da suke rubutawa shi ne inda hasken ya ragu ya koma lux 0.25 (lux ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne), wato kusan hasken farin wata daren sha huɗu a fili ba gajimare. Da wannan lissafin kandela 2,500 na ba da mita 100, kandela 10,000 mita 200, kandela 40,000 mita 400. Ka lura, kafin nisa ya ninka sau biyu sai kandela ta ninka sau huɗu. Kuma hasken farin wata a mita 200 ba zai sa ka bambance kututture da dabba ba, ni dai in na ga an rubuta mita 200 ina lissafa kamar rabinsa ne zai min amfani.

Ko ba kwali kana iya ganewa da ido. Leƙa bakin tocilar a kashe, in ka ga kwanon madubin da ke zagaye da ƙwan LED ɗin yana da zurfi da faɗi kuma sumul yake, mai harba haske nesa ce. In kwanon ɗan ƙarami ne ko yana da gurje-gurje kamar ɓawon lemo, ko gilashin gaban ya yi dishi-dishi, to mai baza haske ce. Taka na tabbata irin ta farko ce. Matsalarta a hanya ita ce idonka yana daidaita kansa da wurin da ya fi haske, ƙwayar idon ta tsuke, sai duk abin da ke wajen da'irar ya ƙara duhu fiye da yadda yake.

Shawarata, fitilar goshi mai baza haske don tafiya da aikin zango, tocilar taka kuma kar ka yar, ta zauna a aljihu don duba hanya daga nesa ko in ka ji motsi.

Ummu_Tsauni:

Malam ya gama magana a ɓangaren lissafi, ni bari in ƙara abin da ƙafata ta koya min. Fitilar goshi tana da wata illa guda da ba a cika faɗa ba: tunda hasken daga saman idonka yake fita, inuwar kowane dutse tana faɗawa bayansa inda ba ka gani, sai ƙasa ta yi maka kamar shimfiɗaɗɗiya alhali rami ne da tudu. Na taɓa saukowa daga wani gangare mai tsakuwa da asuba, fitila a goshi, ina ganin komai fes amma ƙafata sai zurmawa take inda ban zata ba. Da na cire ta na riƙe a hannu daidai ƙugu sai ga inuwa ta fito, kowane dutse da tsayinsa, kowane rami da zurfinsa. Tun daga ranar in hanya ta yi gargada ko dai in riƙe ta a hannu ko in ɗaura ta a maɗaurin jaka na ƙugu. Haka ma in akwai hazo ko ƙura ko yayyafi, hasken goshi yana dukan ɗigon da ke gaban fuskarka ya dawo maka, kamar an rataya maka farin labule, saukar da ita ƙasa da rage ƙarfi shi ke taimakawa, ƙara ƙarfi kuwa ƙara makanta ne.

Kuma ƙanena ka daina bin lumen mai yawa. A hanya mai kyau ni tsakanin 50 zuwa 150 nake tafiya, a zango 20 ko 30 sun ishe ni kafa tanti da ɗaure igiya, cikin tanti kuwa ko 5 ya isa. Abin da nake fara dubawa a fitila ma shi ne mafi ƙarancin haskenta nawa ne, kuma in na danna maɓalli daga ƙasa take farawa ko daga sama, don akwai waɗanda dannawar farko sai su watso maka duk ƙarfinsu tsakar dare kowa ya farka yana tsaki.

Jan haske ba ado ba ne. Ido yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske mai ƙarfi kuma cikin daƙiƙa kaɗan yake rusa wannan, ja marar ƙarfi bai cika taɓa shi ba. Ga shi ba ya kashe wa na kusa da kai ido, ƙwari ma ba su cika rububinsa ba kamar yadda suke yi wa fari mai shuɗi-shuɗi. Amma kar ka yi tafiya da shi a hanya mai haɗari, kuma in taswirar takarda kake dubawa duk abin da aka zana da ja ɓacewa yake yi.

Gwani_77:

Ni fa ban yarda sai mutum ya ɗauki fitila biyu ba, kaya ne kawai. Mai zum nake amfani da ita shekara da shekaru, in ina zango in ja ta baya ta buɗe, in ina son ganin nesa in tura ta gaba, meye matsalar? Mutane suna son wahalar da abu mai sauƙi wallahi.

Malam_Wayarin:

Gwani ba wanda ya ce ba ta aiki, in ta ishe ka shikenan. Amma ka gwada wannan yau da dare, ka tsaya a ɗaki mai duhu ka haska silin da ita a buɗe, sannan ka tura zum ɗin har ƙarshe, za ka ga ɗakin gaba ɗaya ya rage haske. Dalili, in gilashin ya yi nisa da ƙwan, haske mai yawa yana ƙarewa a cikin bututun bai fito ba, batir yana ci kai kuma ba ka samu ba. Sannan a zum ɗin babu ɗan hasken gefe ko kaɗan, murabba'in ƙwan ne kawai ke fitowa a bango, wato dai matsalar da mai tambaya ya kawo ce ta dawo. Na uku, kan da ke zamewa gaba da baya yana zuƙar iska yana fitarwa kamar famfo, da wuya a toshe shi ruwa da ƙura su kasa shiga.

Tunda maganar ruwa ta zo, a duba alamar IPX, ita ce ke nuna yadda fitila ke jure ruwa. IPX4 na jure fantsamar ruwa da yayyafi, IPX7 kuma an gwada ta cikin ruwa zurfin mita 1 na minti 30. In mutum na son abu ɗaya tilo, akwai fitilun goshi masu ƙwai biyu, ɗaya na faɗi ɗaya na nisa, kamfanonin Petzl da Black Diamond duk suna yin irinsu, babu abin da ke motsi a jiki, maɓalli kawai kake dannawa. Wannan ya fi min zum nesa ba kusa ba.

Gwani_77:

To na ji ta silin, zan gwada. Amma tawa ruwan sama ya dake ta ba sau ɗaya ba kuma har yau tana ci.

Ummu_Tsauni:

Allah ya bar maka ita Gwani. Wani abu da na manta, launin farin ma iri-iri ne, da lamba mai K a ƙarshe ake nuna shi. Masu 6000K zuwa 6500K fari ne mai sanyi da ya karkata shuɗi, a ido kamar sun fi haske amma suna wanke launin ƙasa da ganye komai ya koma toka-toka. Masu 4000K zuwa 5000K sun fi nuna ruwan ƙasa da kore yadda suke, kuma a daji wannan ba ƙaramin abu ba ne in kana son bambance sanda da maciji.

Sai maganar awanni da ake rubutawa. A ma'aunin da Malam ya ambata ana ƙirga lokaci ne har sai hasken ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara, don haka in an ce awa 4 ba wai awa 4 tana ba ka cikakken ƙarfi ba. Lumen 1000 ɗin nan ma a ƙananan fitilu yawanci na 'yan mintuna ne, da ta ɗau zafi take rage kanta. Ka duba awannin matsakaicin haske, shi za ka rayu a kai. Kuma kafin ka jefa ta jaka ka kulle maɓallin ko ka ɗan sassauta murfin batir, na taɓa isa zango na buɗe jaka na tarar da tawa tana ci tun rana, ta haska wa rigunana hanya har batir ya kusa mutuwa.

SabonMatafiyi:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na ɗauko tocilar na leƙa, Malam gaskiyarka, kwanon sumul yake kuma zurfinsa kamar rijiya. Na lalubo kwalin ma, an rubuta 22,500cd da mita 300, ashe abin yana nan tun farko ni dai lumen kawai idona ya gani. Zan nemi ta goshi mai faɗi da jan haske, wannan kuma ta koma aljihun jaka. Anti Ummu tambaya ɗaya ta rage, in zan ɗaura ta a ƙugu kamar yadda kika ce, igiyar kan tana isa ta zagaye ko sai na nemi wani maɗauri daban? Don ni dai ba siriri ba ne.