"Garin neman gira a rasa ido": ta hau kan wanda ya sa wufa a mota?

Ɗan Gyallesu:
Assalamu alaikum. Ƙanina ya sa ampilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wufa (babbar lasifika mai dukan ƙirji) a but ɗin tsohuwar Golf ɗinsa. Tun daga ranar, kullum da safe sai yaran unguwa sun tura motar, da dare kuma in kiɗa ya buga sai fitilun gaba su dusashe. Baba ya dube shi ya ce, "Garin neman gira ka rasa ido." Shi ya dage maganar ba ta hau kansa ba, tunda ga motarsa nan. Wa ya fi gaskiya?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam. Baba ya faɗi daidai. Gira ado ce, ido kuwa da shi ake gani. Ana jefa maganar ga wanda kwaɗayin ƙari ya sa ya ɓata abin da yake amfani da shi. Aikin mota tafiya. In sai an tura ta take tashi, me ya rage?

Hajiya ta Tudun Wada:
Malam, ban bi ka duka ba. Yadda muka taso muna ji, ana faɗarta ne a kan asarar da ba ta dawowa. Ido in ya tsiyaye shi ke nan. Batir kuwa a kai shi caji ya farfaɗo. Ni "araha ba ta ado" zan ce masa, don na san samarinmu: su zuba kuɗi a kayan kiɗa, amma ladan mai haɗawa sai an kai ruwa rana.

Mai Wayarin na Ƙofar Doka:
Hajiya, kin kusa. Sai dai batir ma in ana yawan shanye shi ƙarƙaf, wata rana ba zai ƙara riƙe wuta ba, balle da sanyin hunturun Zariya.

Ɗan Gyallesu, ka ce ya zare makulli da daddare, ya buɗe but ya duba 'yar fitilar jikin ampilifayar. In tana ci, ga ɓarawon nan. Akwai siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari da ke kunna ampilifaya in an kunna rediyo. Mai gaggawa sai ya jona ta da wutar batir kai tsaye, na'urar ta kwana tana sha. Bayan rediyon ma a duba: rawaya ita ce mai wuta kullum, ja kuma sai an murɗa makulli. Wasu tufke su suke yi wuri guda.

In akwai mita, lafiyayyen batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. Dusashewar fitila tana nufin wufa na neman wutar da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ba ta iya bayarwa a lokacin, ko kuma baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin bodi ba ta kama ba. Sau da yawa a kan fenti za ka tarar an ɗaure ta. Sai an kankare har ƙarfe ya fito fes. Rashin kamun nan kan jawo wani siririn kuka a lasifika, mai ƙaruwa in an taka totur.

Amma duk wannan ba shi ne ido ba. Idon yana jikin ƙatuwar wayar da aka ja daga batir zuwa but. Dole a sa mata fis, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. In babu, ranar da ƙarfe ya goge robarta a ƙarƙashin kafet, wuta ce za ta tashi.

Malamin Samaru:
To Hajiya, kin ji. Ke nan maganar Baba gargaɗi ce. Ba sai ido ya fita ake faɗarta ba, tun ana wasa da tsinke kusa da shi ake faɗa.

Hajiya ta Tudun Wada:
In gargaɗi ne sai ya ce "kada ka rasa". Cewa ya yi "ka rasa". Kuma wa aka yi wa maganar? Yaro ya biya kuɗinsa, wani ne ya yi aikin banza.

Mai Wayarin na Ƙofar Doka:
Mai mota ma yakan zo da nasa laifin, Hajiya. Ka ce a sayi wayar tagulla zalla, ya ce ta yi tsada, ya kawo ta alminiyom mai rufin tagulla. Fis ya ƙone, ya naɗe shi da takardar kwalin taba ya ci gaba da tafiya.

Ɗan Gyallesu:
Mun duba yanzu. Makulli na hannuna, fitilar ampilifaya na ci shuɗiya. Fis kuma babu ko alamarsa, wayar ma ta wani rami mai kaifi aka zura ta, ba roba. Oga, mu kawo ta da safe?

Mai Wayarin na Ƙofar Doka:
Ku kawo. Amma tun yanzu ku kwance wayar daga kan batir, kada ta kwana a jone.