Horon aiki na shekara ɗaya a gonar Amurka: ejan ya ce in kawo rabin kuɗi tukuna, ya kuke gani?

Sadiq_Agro:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sani ku ba ni shawara kafin a yi aikin da-na-sani. Na gama digiri a fannin noma, ɓangaren kiwon dabbobi, sakamako ya fito amma ba a tura mu bautar ƙasa ba tukuna, muna dai zaman jira. To akwai wani mutum da abokina ya haɗa ni da shi, wai yana kai yara Amurka horon aiki na shekara ɗaya a gonakin shanun madara, a ba ka wurin kwana kuma a riƙa biyanka, bizar J-1 ya ce sunanta. Ya ce miliyan huɗu ne gaba ɗaya amma in kawo rabi yanzu ya fara cika min fom, ragowar sai biza ta fito. Baba ya ce in dai abin gaskiya ne zai sayar da filinsa na bayan gari, ni kuma wlh maganar filin nan ita ta hana ni barci, don shi kenan abin da ya mallaka bayan gidan da muke ciki. Shirin nan akwai shi da gaske? In akwai, in nema yanzu ko in bari sai na gama bautar ƙasa?

Bash_Kiwo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shirin akwai shi, ni kaina na yi shi a Minnesota shekarun baya, amma yadda mutumin nan ya tsara maka maganar ba haka ake yi ba sam.

J-1 ba ejan ke bayarwa ba, ba mai gona ke bayarwa ba. Akwai ƙungiyoyin da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta amince musu su ɗauki nauyin masu zuwa horo, sunayensu na nan a jere a shafin ma'aikatar kowa zai iya dubawa kyauta, a harkar noma akwai irin su MAST na Jami'ar Minnesota da kuma shirin Jami'ar Jihar Ohio. Su ne za su karɓi takardunka, su yi maka intabiyu, su haɗa ka da gona, sannan su fitar maka da takarda mai suna DS-2019, da wata DS-7002 wadda a cikinta ake rubuta abin da za a koya maka mataki-mataki, kai ka sa hannu mai gona ya sa hannu su ma su sa. In babu DS-2019 babu maganar zuwa ofishin jakadanci ma. Bayan nan ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar da gwamnatin Amurka ke yi wa ɗalibai da masu zuwa horo, dala 220, kuɗin biza dala 185, ka cika DS-160, wato fom ɗin neman biza, da hannunka a intanet. Ita ƙungiyar tana da nata kuɗin da na inshorar lafiya, amma a rubuce yake, kuma asusunta kake turawa ba asusun wani Alhaji ba. Don haka tambaya ɗaya za ka yi masa: wace ƙungiya ce za ta fitar min da DS-2019? In ya faɗi suna ka je ka duba, ka tura musu imel da kanka ka tambaye su ko sun san shi.

Maganar bautar ƙasa kuma a nan lissafin yake. Shirin kashi biyu ne. Akwai na ɗalibai da waɗanda ba su wuce wata 12 da gama makaranta ba a ranar da za su fara, shi iyakarsa shekara ɗaya. Akwai kuma na wanda yake da digiri da aƙalla shekara ɗaya ta aiki a fanninsa a wajen Amurka. Ka ga in ka tafi bautar ƙasa na farkon ya wuce ka, sai na biyun, shi kuma sai aikin da ka yi ya dace da abin da ka karanta, in an jefa ka koyar da lissafi a sakandare ba zai yi maka amfani a nan ba, sai ka yi ƙoƙari a tura ka gona ko ma'aikatar noma.

Kuma kar ka ɗauka hutu za ka. Mu ƙarfe huɗu na asuba muna wurin tatsa, ka sa takalmin roba da safa biyu amma yatsun ƙafarka kamar ba naka ba, ka goge nonon saniya ka tsoma a magani ka maƙala inji, layi ya fita wani ya shigo, ƙamshin kashin shanu ya bi ka har cikin bargo. Na koyi abubuwa sosai, musamman haɗa abinci da kula da 'yan maruƙa, amma wanda ya je da niyyar tara dala zai sha mamaki. In Allah Ya sa ka kai ga cika fom ka rubuta ƙarara ba ka aikin gonar alade, don yankin nan suna da su da yawa.

Abu_Nana:
Malam Bash duk abin da ka faɗa haka yake amma ka bar babbar magana. A Disambar 2025 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa wasu bizoji daga 1 ga Janairun 2026, kuma J na ciki tare da bizar ɗalibai da ta ziyara. Nijar ma gaba ɗaya aka rufe musu. To wanda ya ce ka kawo miliyan biyu bai ko ambaci wannan ba, ko dai bai san aikin ba ko ya sani ya yi shiru, duka biyun ba mutumin da za a sayar da fili a ba shi kuɗi ba ne. Sadiq ka shiga shafin ofishin jakadancinsu ka ga halin da ake ciki yau da idonka.

Maman_Ilham:
Sadiq ɗana kar ka bari Baba ya taɓa filin nan dan Allah. Kuma duniya ba Amurka ce kaɗai ba. Ƙanwata ta zo nan Jamus ta shirin aikin sa-kai na shekara ɗaya, ba ta biya wani ejan ko sisi ba, ita ta zauna ta rubuta wasiƙar neman gurbi ta tura wurare da yawa har aka amsa mata. Akwai FSJ na aikin jinya da kula da tsofaffi da yara, akwai FÖJ wanda shi ne ya dace da kai don har gonaki ake tura mutane, su biyun sai wanda bai cika shekara 27 ba, sai BFD wanda ba shi da iyakar shekaru ta sama. Ƙungiyoyi irin su Caritas da Diakonie da Red Cross ta Jamus duk suna ɗauka.

Amma fa gaskiya ɗaya, ba albashi ba ne, kuɗin kashewa ne 'yan ɗaruruwan yuro a wata, suna biya maka inshora, akwai kwana 25 na bita a cikin shekarar, wurin kwana kuma wasu suna bayarwa wasu ba sa bayarwa, to wanda bai bayar ba kar ma ka ɓata lokacinka don haya kaɗai za ta cinye kuɗin. Kuɗin biza yuro 75 ne. Wahalar tana wurin yare da jiran ranar intabiyu, sai ka iya ɗan Jamusanci ka yi jarrabawa a Goethe, cibiyar koyar da Jamusanci da ke Legas, kuma za su tambaye ka me za ka yi in shekarar ta ƙare, wanda ya tsaya kame-kame a nan ake mayar da shi. Ita ƙanwata ranar farko ta gaya wa shugabarta tana salla, aka ba ta wani ɗan ɗaki da ake ajiye tawul, don lokacin sanyi azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke samunta, kafin biyar na yamma duhu ya yi.

Dan_Gwarzo:
Ni dai ra'ayina ka yi bautar ƙasarka kawai a wuce wurin. Dubu 77 ake ba ku yanzu, ba yawa amma za ta biya kuɗin koyon yare da fasfo. Muna da wani a unguwa da ya tsallake ya tafi waje, ya dawo aka buɗe ɗaukar aiki, babu satifiket ɗin bautar ƙasa, yana ji yana gani aka ɗauki ƙannensa.

Sadiq_Agro:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Yaya Bash na kira mutumin na yi masa tambayar nan, sai ya ce wai sunan ƙungiyar sirrin sana'a ne, in ba na so akwai yara goma a layi, maganar dakatar da biza kuma ya ce yana da mutum a ciki. Na gaya wa Baba a bar filin. Hajiya Maman Ilham shekarata 25 yanzu, in na gama bautar ƙasa ina 26 da wani abu, FÖJ ɗin zai yiwu kuwa ko in fi mai da hankali kan BFD? Kuma dole sai na tare a Legas kafin in koyi yaren?

Maman_Ilham:
Lokacin zai matse maka, nemi BFD ɗin kawai, a cikinsa ma akwai guraben gona da muhalli. Legas kuma jarrabawa kaɗai za ta kai ka, karatun ka fara a waya, DW suna da darussan Jamusanci kyauta tun daga matakin farko na A1. Yawanci watan Agusta ko Satumba ake farawa, don haka tun kana tsakiyar bautar ƙasa za ka fara tura wasiƙu, ka rubuta ta farkon ka turo min ta akwatin saƙo in duba maka.