An ba ni rol ɗin yaron bos, ga aurena ya matso

Sarkin Yadi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina zaman shago a Kantin Kwari. Wani furodusa da ke sayen yadi a wajenmu ya ce ƙirar jikina ta dace da yaron bos a fim ɗinsa mai dogon zango. Ni kuwa tun ina ƙarami wannan rol ɗin ya fi na jarumi burge ni. Ku tuna Sambha a fim ɗin Indiya Sholay na 1975. Mac Mohan da ya fito a Sambha na zaune can saman dutse, bindiga a hannu, maganarsa 'yar kaɗan, amma zaman nan nasa ya ƙara wa bos ɗinsa Gabbar kwarjini. Damuwata ita ce an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, kuma baban yarinyar liman ne a unguwarsu. A labarin zan riƙe wuƙa, zan sace yaro. Dubu 20 furodusan ya ce zai ba ni. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda surukai suka ɗauki abin.

Ɗan Fagge:
Sambha ai zaune kawai yake. In ana maganar yaron bos a kawo Bolo Yeung a Enter the Dragon na 1973. Bai buɗe baki ba, kallo kawai zai yi maka ka ji cikinka ya ɗuri ruwa.

Baba Na Gwammaja:
Ɗana, ka ji daga bakin wanda ya sha. Na taɓa fitowa ɗan daba. Aka kai mu lokeshan bayan gari, rana ta dake mu tun safe, aka shafa min jan kala a riga, rigar ma tawa ce. Darakta ya ce in shaƙe dattijo, na shaƙe da gaske har ya yi tari, kowa ya tafa min. Kuɗin mota kawai na gani, sauran wai sai fim ya fita. Fim ya fita, mai fim ya daina ɗaga wayata. Wannan duk mai sauƙi ne. Yaran unguwa suka bi ni da sunan fim ɗin. Na je neman aure, kakar yarinyar ta leƙo soro ta gan ni, ta ce wallahi ba za ta ba da jikarta ga mai shaƙe tsofaffi ba. Kayan da na kai a buhu aka dawo min da su.

Maman Hanifa:
Allah sarki Baba. Amma dubu 20 ta yi kaɗan, ƙanina dubu 50 aka ba shi.

Ɗan Zoo Road:
Hajiya, wa ya ba sabon shiga dubu 50? Ni sin uku na yi, dubu 5 da shinkafa da wake aka sallame ni. Akwai ma waɗanda su suke biya a saka su.

Maman Hanifa:
To ƙarya zan yi maka? A gabana ya ƙirga.

Mai Shayi:
Sarkin Yadi ka karɓa mana. Surukin da ya gan ka da wuƙa ba zai ƙara maka sadaki ba.

Baba Na Gwammaja:
Ku yi ta dariya. Har yau in na shiga adaidaita sahu sai wata ta ja jakarta jikinta.

Ɗan Zoo Road:
Baba, da girmanka, fim ɗaya ka yi a zamanin kaset. Shu'aibu Lawan Kumurci shekara nawa ya yi yana fitowa mugu? Da shi aka san shi, kuma ana girmama aikinsa. Yanzu mutane sun waye.

Baba Na Gwammaja:
Kai da aka sallama da shinkafa da wake ne za ka koya min harkar? Na girme ka a ciki ko ba ka so.

Malama Ta Kabuga:
Dukkanku babu wanda ya ce ya je ya sami baban yarinyar. Ɗan'uwa, ka tura kawunka ya yi masa bayani tun kafin ya gani a wayar wani.

Ɗan Fagge:
Ni abin da ke ci min rai masu fassarar fina-finan Indiyan nan ne. Mutum ya yi aiki da fuskarsa da tafiyarsa ya zama abin tsoro, su kuma su ɗora masa muryar barkwanci. Amrish Puri da muka gani a sinimar Plaza muka kasa barci, yanzu yarana dariya suke masa.

Mai Shayi:
Ba don fassarar ba da wa zai gane labarin? Da can kowa nasa yake ƙirƙira a hanyar gida.

Ɗan Fagge:
A fassara, amma a bar wa mugu muguntarsa. Kiɗan tsoron ma danne shi suke yi da surutu.

Sarkin Yadi:
Malama na gode, zan yi wa kawu magana. Furodusan dai ya ce ranar Asabar za a fara shutin. Ɗan Zoo Road, ana rubuta takarda ne kafin a fara, ko da baki ake yi?