Shawarwari kan na'urar APAP ga masu ɗaukewar numfashi cikin barci

Wasu ma'aikatan lafiya da suka tattauna a Gusau sun yi ittifaƙi cewa kada a sayi APAP, wato na'urar da ke hura wa mai barci iska don kada maƙogwaronsa ya rufe, sai an yi gwajin barci, domin ba ta dace da kowa ba, musamman masu raunin zuciya ko ciwon huhu mai tsanani.

Ita ke ƙara ƙarfin iska da kanta idan maƙogwaro ya fara rufewa, yawanci tsakanin 4 da 20 a ma'aunin na'urar. Amma barin ta a 4 kan sa mutum jin iska ba ta isar shi, likita ne zai ɗaga mafi ƙarancin ƙarfin.

An fi daɗewa ana tattaunawa kan abin rufe hanci da iskar ke bi ta cikinsa. In ya yi sako-sako iska na zurarewa, na'ura ta rikice, ido ya bushe. In an ɗaure tamau, karan hanci ya ji rauni. Mai buɗe baki cikin barci ya nemi mai rufe hanci da baki duka.

Lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska, a riƙa dubawa kowane mako. Tataccen ruwa kawai ake zubawa a tankin da ke sa wa iskar danshi, na rijiya yana barin kanwa-kanwa. In an ɗauke wuta aka koma batir, a kashe ɗumama ruwan, shi ke cinye caji.